Jifa na Biyar

Har yau idan na ga matashi ya ɗaga waya sama yana ɗaukar mutum yana dariya, sai in kau da kai in bar wurin. Mai ɗakina ta ce abin nawa ya zama ciwo. To, ya zama ɗin. Ni na san abin da waya ta yi wa aminina a filin ƙwallon kwando na Kazaure, kuma na san bakin da ya jawo masa, don kuwa nawa ne.

Tare muka yi makarantar kwana da shi, tun muna cikin jihar Kano, ba a ko fara zancen Jigawa ba. Ɗan Roni ne, siriri, ba wani tsawo na a zo a gani, kuma magana sai ta kama yake yi. Da muka gama, ni na kama koyarwa, shi ya zama malamin dabbobi, amma ba mu bar ƙwallo ba. Mu muka riƙe ƙungiyar gari shekara da shekaru. Aikina a fili guda ɗaya ne: in ratsa mutane, in nemo inda yake, in miƙa masa. Da ƙwallon ta bar hannuna nake juyawa in koma tsaron gida, ko waiwaye ba na yi, don na san ta shiga.

Yanzu in na faɗi haka sai yara su yi murmushi, wai tsoho yana ƙara gishiri. Su da ba su san a kan me muka yi wasa ba! Filinmu jar ƙasa ce aka daddaɓe, daga baya aka zuba siminti, shi ma bai ga damina biyu ba ya tsattsage. Allon da ke bayan kwandon kuwa kafinta ne ya haɗa shi da katakon tsohuwar bodin mota. Kowane gari da irin allonsa. Na Babura katakonsa siriri ne, ƙwallo tana tsalle a kansa. Na Roni a jikin turke ɗaya aka kafa shi, iska na tasowa daga duwatsu sai ya kama rawa. Na Gwiwa ya sha ruwan sama har ya mutu, in ƙwallo ta doke shi sai ta zube kamar an jefa ta a buhun dusa.

Shi aminina duk cinsa ta allo ne. Ba ya jefa ƙwallo kai tsaye cikin kwando, allo yake bai wa, allo ya zura masa. Saboda haka yana da wata al'ada da duk wanda ya yi wasa da mu ya sani. Ko ina muka je, kafin a busa usur, sai ya karɓi ƙwallo ya tafi shi kaɗai, ya tsaya ta gefen dama, ya doki allon sau uku ko huɗu. Ba ci yake nema ba. Da gangan yake dukan wurare dabam-dabam, ya karkata kai yana saurare, yana duban yadda take dawowa. Mu gaisuwa muke ce wa abin. Za ka ji ɗayanmu ya ce wa alƙalin wasa, "Malam, a ɗan dakata, bai gaisa da allo ba tukuna." Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka bai iya ba.

Na tuna zuwanmu Babura na farko, a bayan motar gyaɗa muka je. 'Yan kallo suka yi ta shewa ganin ya zubar da huɗu a jere kafin a fara. Ba a kai hutun rabin lokaci ba shewar ta koma salati. Mutum uku 'yan wasan Babura suka sa masa, har da wani ƙato ɗan mahauta da ke riƙe masa riga, alƙalin wasa yana gani yana kau da kai. Duk a banza. Kuma a tuna, a lokacin babu layin nan na maki uku. Ko daga bakin kasuwa ka jefa, biyu za a rubuta maka, saboda haka dole ka kutsa inda ake duka, ka ci ƙwallonka da hannun mutum a fuskarka.

Sai Allah ya ba ni ɗa mai ƙwallo, na ukun 'ya'yana. Dogo ne, ya biyo dangin uwarsa. Shi ba ruwansa da allo. A waya ya koyi wasansa, yana kallon 'yan Amurka, ya tsayar, ya maimaita, ya fita tsakar gida ya gwada. Zai zo da gudu kamar zai shige ka, sai ya ja da baya taku ɗaya, ya cilla daga can bayan layi, ta faɗa cikin raga ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Da hagu yana yi, da dama yana yi. Shekara biyu a jere babu mai tsayar da shi daga Kazaure har Babura. Ban taɓa zama a benci don in kalle shi ba. A bayan wata darbejiya nake tsayawa daga nesa, kamar mai jiran wani, in na ga an kusa tashi in hau babur ɗina in tafi. A nan, tsakanina da takarda, zan iya faɗa: yaron abin kallo ne. Wallahi wani lokacin har hawaye nake ji.

Ana nan sai ƙungiyar matasan gari ta gyara tsohon filinmu. Suka zuba sabon siminti, suka yi fenti, suka kewaye da waya, suka cire allon katako suka kafa na gilashi. Suka kulle wurin sai ranar buɗewa. Sakataren ƙungiyar wani matashi ne mai zaƙin baki, irin waɗanda waya ba ta barin hannunsu ko a wajen jana'iza. Wata rana bayan la'asar muna zaune a majalisarmu kusa da mai shayi, dattawa kusan goma, aminina bai zo ba ranar, sai ga sakataren ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Ya juyo wajena.

"Baba, tunda kai ka ga duka biyun, raba mana gardama. Tsakanin ɗanka da abokinka, kowa a ganiyarsa, wa ya fi cin ƙwallo?"

Ku ji tambayar rashin tarbiyya, don Allah! Wane uba ne a ƙasar nan zai buɗe baki a gaban mutane ya yabi ɗan cikinsa? Mu da muka tashi muka ga iyayenmu ko sunan ɗan fari ba sa kamawa? Uban kirki in an yabi ɗansa a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya ce, yaro ne, sai addu'a. Dole ka yi kara, ka ɗaga na wani ka sauke naka. Kowa a majalisar nan ya san amsa ɗaya ce tal zan iya bayarwa, ko da kuwa ɗana da fukafukai yake wasa.

Na ce, "Wannan yaron? Ai ko takalmin mutumin nan bai isa ya ɗauka ba."

Dattawa suka yi dariya, suka gyaɗa kai, magana ta ƙare yadda ya kamata. Amma sakatare bai tashi ba. Ya ce, "Baba, ai gani ya kori ji. Shi naka ga bidiyonsa nan cike da waya. Shi kuwa abokinka sai labari."

Sai labari! Kalmar nan ce ta ƙona ni. Shekarun da muka yi muna haɗiyar ƙura, ƙafar da na karya a Roni, mutum uku a kan mutum ɗaya a Babura, duk wai labari, don kawai babu wanda ya riƙe waya a lokacin. Na ce, "Labari? Kai, ko yau, ko yanzu ɗin nan, ka ba shi ƙwallo a filin can, sai ya koya wa yaron naku hankali!"

Duk dattijon da ke wurin ya san wannan zancen fatar baki ne, kara ce ta haɗu da zuciya. Shi ɗan nan sai ya ɗauke ta a matsayin alkawari. Bayan kwana biyu na ji mota da lasifika tana zagaya gari, wai ranar buɗe fili za a yi karo tsakanin gwanin da da gwanin yanzu, jifa biyar-biyar, wai mahaifin yaron da bakinsa ya ce tsohon zai ci. Kafin Juma'a zancen ya kai Gwiwa, ya kai Roni, ya kai Babura. Ba wanda ya zo ya tambaye ni, ba wanda ya je ya tambayi mutumin da aka sa a lasifika. Baki shi ke yanka wuya, amma wannan karon bakina ne, wuyan kuma na wani.

Na tafi gidan aminina da niyyar in ce kada ya je. Mutum ya haura sittin, yana sa tabarau, kuma tun da wani bijimi ya fizge shi a wajen allurar shanu a Gwiwa kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Na same shi a bayan gida yana zuba wa ragunansa dusa. Muka gaisa, na fara kame-kame. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "An ce kai ka faɗa."

Na ce, "Na faɗa, amma ai ka san irin maganar. Kara ce. Ka yi zamanka, ni zan je in ce su janye."

Ya kakkaɓe hannunsa. "In na ƙi zuwa, ka zama mai faɗin abin da ba haka ba a gaban yara. Kai malami ne, rabinsu ka koyar. Shekara nawa kana miƙo mini ƙwallo, ka taɓa ganin na ƙi karɓa?" Sannan ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya kawai. Ban taɓa jefa ƙwallo a gilashi ba. Ka ce su bar ni in gaisa da allon kafin a fara ƙirga."

Na ce wannan a wuyana. Daga nan ban zame ko'ina ba sai wajen sakatare. Na yi masa bayani dalla-dalla: jifa uku ko huɗu na farko ba a ƙirga su, haka mutumin yake tun muna samari. Ya ce, "Ba matsala, Baba, ba matsala," idonsa na kan waya. Da ina da wayo da na gane wanda ya amsa da sauri haka bai ji abin da aka ce ba.

Ana jibi za a yi, ɗana ya same ni a zaure ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ko in janye? Ni ba na son in tsaya da Kawu a fili." Kawu yake ce masa tun yana rarrafe. Ni kuma haushin kaina nake ji, sai na sauke a kansa. Na ce ya janye a ce me, a ce an ji tausayin tsoho? Na ce kuma kada ya kuskura ya zubar da ko ɗaya da gangan, don mutumin zai gane tun ƙwallon ba ta bar hannunsa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce to, ya tashi.

Ranar buɗewa fili ya cika. An zo daga duk garuruwan nan, wasu a babur, wasu a a-daidaita-sahu, har da tsofaffin da muka yi wasa da su, ciki har da ɗan mahautan nan na Babura, ya zo da sanda. Aka kafa rumfa, aka zaunar da ni a layin gaba, kusa da babban baƙo, wani mai hannu da shuni da ya taimaka wajen gyaran. Sai jawabi. Wannan ya tashi ya yi, wancan ya tashi ya yi, kowa sai ya gode wa duk wanda ke zaune ɗaya bayan ɗaya. Wasan da aka tara mutane dominsa sai da rana ta karkata aka tuna da shi, lokacin baƙo ya fara duban agogo, wai zai wuce Dutse.

Sakatare ya karɓi abin magana ya ce, "Jama'a, lokaci ya ƙure, kai tsaye za mu tafi."

Ɗana ya fara. Ya tsaya can bayan layi ya jefa biyar, biyar ɗin suka shiga, ko allon bai taɓa ba. Fili ya ɗauki ihu. Babban baƙo ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu. "Malam, ashe ɗanka ne? Kai, masha Allah! Ina ka ɓoye mana wannan?" Ya shiga ba ni labarin wani koci da ya sani a Kano, da yadda za a kai yaron gaba. Na sunkuyar da kai ina cewa yaro ne, sai addu'a.

A daidai lokacin aminina ya shigo fili. Ya naɗe hannun rigarsa, ya cire hula ya ajiye a gefen layi, ya tsaya ta dama inda ya saba tsayawa. Ya dubo rumfa, ya neme ni da ido. Na gan shi sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in zare hannuna, in miƙe, in ce a dakata, bai gaisa da allo ba. Magana ce da na faɗa wa alƙalan wasa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na sha gaya wa kaina cewa ba a fizge hannu daga hannun babban mutum yana cikin magana. Gaskiya ne, ba a yi. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: daɗi nake ji. Shekara biyu ina laɓewa a bayan darbejiya, yau ga wani yana faɗa mini a kunne abin da ni ba ni da ikon faɗa, ban so ya yi shiru ba.

Aminina kuwa ya ɗauka na gama shirya komai, tunda na ce a wuyana. Ya doki allon can sama. Gilashi ya yi wata ƙara da ba irin ta katako ba, ƙwallon ta dawo da ƙarfi ta wuce ta saman kansa.

Sakatare ya ce a lasifika, "Ɗaya ta tafi!"

Na ga aminina ya tsaya cak. A nan ya gane ƙirgawa ake yi. Da wani ne, da sai ya bar allon ya nemi kwando kai tsaye, ko a dace. Shi bai san wata hanya ba, kuma ba mutumin da zai fara wasan wani ba ne a gaban jama'a. Ya karɓi ƙwallo ya doki gefen hagu, ya karkata kai. Dariya ta ɓarke. Wayoyi suka tashi sama, ta ko'ina. Ya doki ƙasa-ƙasa, na uku ke nan. Wani daga cikin taro ya yi ihu, "Baba, kwandon yana ƙasa!" Yaran da aka haifi iyayensu muna cin kofi, su ne ke riƙe ciki suna nuna shi da yatsa. Tir da wannan rana.

Na huɗu ya taɓa gilashin a hankali, ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfen ta fito. Ni da na san shi, a nan na san ya gama jin abin da yake son ji. Amma sakatare ya riga ya ce, "To jama'a, an gani, gani ya kori ji!" Mai kiɗa ya saki kiɗa. Babban baƙo ya miƙe, kowa ya miƙe, wayoyin nan duk suka juya wajen rumfa suna ɗaukar tafiyarsa.

Aminina bai dubi kowa ba. Ya ɗaga kafaɗar nan da ba ta ɗaguwa, ya saki na biyar. Ta taɓa gilashin a sama kaɗan ta dama, shiru, ta faɗa cikin raga. Daidai yadda take faɗawa a Babura, daidai yadda take faɗawa a Roni. Ɗana ne ya cafe ta, don yana tsaye a ƙarƙashin kwandon. Aminina kuma ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Kafin magariba bidiyo ya zagaya. Jifa ukun farko kawai, an haɗa da wani kiɗan ban dariya, an maimaita inda ƙwallon ta wuce ta saman kansa har sau uku. Mutumin da bai taɓa samun ko hoto ɗaya yana wasa ba a ganiyarsa, yau shi ne a wayar kowa. Makiyayan da ya yi wa shanunsu allura shekara talatin suna nuna wa juna a kasuwar Gwiwa. 'Yan makaranta in sun gan shi a babur sai su karkata kai su yi kamar suna jifa. Ya daina zuwa majalisa.

Na je na sami sakatare a gaban mutanensa na wanke shi tas. Na ce wa ya aike ka ka kunyata dattijo? Na ce wa ya koya maka auna mutum biyu a ganiyarsu ta hanyar tsayar da ɗan sittin da ɗan ashirin a rana ɗaya? In gwaji kake so, ka mayar da ɗana filin jar ƙasa, ka goge masa layin nan, ka sa masa ɗan mahauta a wuya, sannan ka zo mu yi magana! Ya durƙusa yana cewa, "Baba, wasa ne, a yi haƙuri, na goge nawa." Ya goge nasa. Na sauran mutane a garuruwa huɗu fa, wa zai bi ya goge?

Ɗana da kansa ya ce mini, "Baba, jifa huɗu kawai Kawu ya yi ya gano gilashin nan. Ni da na fara wasa a irinsa a Kano, sai da na yi sati ina fama, shi ya sa ma na daina amfani da allo." Na ce to ka je ka faɗa musu mana, kai za su ji. Ya ce, "Na faɗa. Sun ce kara nake yi wa abokin babana." Ka ji fa! Ashe sun san kara. Ranar da na yi tawa a majalisa ba su san ta ba, sai yau da yaro ya faɗi gaskiya tsagwaronta.

Sai da na yi sati biyu kafin na iya taka ƙofar gidan aminina. Na same shi wajen ragunan nan. Na fara ba shi haƙuri, na ce ina da damar miƙewa ban miƙe ba. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kana da abin a wayarka?"

Na ce an turo mini, ban goge ba don haushi.

"Nuna mini. Kowa ya gani sai ni."

Na so in ƙi, amma da wane bakin? Na kunna na miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya kalla har ƙarshe, kiɗan dariyar nan yana tashi a tsakanin ragunansa. Ya ce in sake kunnawa. Ya sake kallo, ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

Ya ce, "Ashe haka nake karkata kai. Ban taɓa ganin kaina da ƙwallo a hannu ba." Ya jira kaɗan, ko bidiyon zai ci gaba. Bai ci gaba ba. "Ina na biyar ɗin?"

Na ce, "Babu wanda ya ɗauka."

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "To, shi ma sai dai a ji a bakinka."

Ya juya ya ci gaba da zuba dusa. Ni kuwa na tsaya riƙe da waya, ina lissafin wanda ya rage a Kazaure da zai sake yarda da bakin nan nawa.